Hoton Waya da Makomar Ginin Hausa: Ina Manazarta Suka Tsaya?

A watan Agustan 2023 wani ɓangare na rufin Masallacin Juma'a na Zariya ya rufta a kan masallata, har aka yi asarar rayuka. Wannan shi ne ginin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya tayar a ƙarni na 19. A Satumban 2024 kuma ruwan sama ya kai tsohon masallacin Birni na Damagaram ƙasa. Abin da ya fi yaɗuwa na kamannin waɗannan gine-gine a ranakun da abin ya faru, hotuna ne da jama'a suka ɗauka da wayoyinsu. Wannan kaɗai ya isa ya sa manazarta Hausa su daina kallon hoton waya a matsayin wasan samari.

Aikin taskace ginin gargajiya a da na mutane ƙalilan ne. Dmochowski ya shafe shekaru yana awo da zane kafin littafinsa mai juzu'i uku ya fito a 1990. Moughtin ya wallafa nasa a 1985, Hamman Tukur Sa'ad kuwa ya kammala kundin digirinsa na uku kan adon ginin Hausa a 1981. Ayyuka ne masu daraja, sai dai yawancinsu da Turanci suke, kuma sun fi karkata ga fadoji da masallatai da gidajen attajirai. Yau ɗalibin da ke ratsa Kurmi ko Unguwar Juma yana ɗauke da na'urar da za ta iya kama zauren malamin allo da soron tsohuwa kafin magada su rushe, su zuba bulo.

Amma yawan hoto bai zama hujja ba. Wayar tana da halayenta. Madubinta mai faɗi ne, don haka idan aka tsaya gindin Hasumiyar Gobarau aka ɗaga ta sama, sai ginin ya fito kamar zai kife baya, zankwaye su karkace. Manhajar cikinta kan ƙara wa launi ƙarfi, har makuba ta yi jan da ba nata ba. Sannan da zarar hoto ya bi ta WhatsApp ko Facebook, girmansa kan ragu, kuma bayanan rana da wuri da ke ɓoye a cikinsa kan salwanta. Ta haka ake wayar gari hoton gidan Agadas yana yawo da sunan Kano.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi, tarbiyya yake bukata. Mai ɗauka ya ja baya, ya riƙe wayar a miƙe daidai da bango. Ya zo da hantsi ko la'asar sakaliya, lokacin da haske ke zuwa a karkace, inuwa ta fito da tudu da kwarin dagi. Ya jingina sandar awo domin a gane tsawo. Ya kuma shiga ciki idan an yi masa izini, domin gwanintar magini tana sama ne, inda aka jera azara aka ɗaure bakan gizo da ɗaurin guga, wurin da mai wucewa a titi ba ya gani.

A nan ne sassan Hausa suke da rawar da sashen zanen gine-gine ba zai taka musu ba. Hoto ba ya faɗin sunan abin da ya ɗauka. Ba ya bayyana yadda ake haɗa laso da katsin marina, ko dalilin da ya sa indararo ke tsawo, ko bambancin shigifa da zaure. Waɗannan kalmomi suna bakin tsofaffin magina, kuma suna tafiya tare da su. Wayar da ta ɗauki bango ita ce za ta naɗi muryar wanda ya gina shi. Hoto da suna da bayani, idan suka haɗu, sun zama kayan ƙamus da na tarihi gaba ɗaya.

Masu ganin cewa hoton waya ba zai maye gurbin awon ƙwararru ba, gaskiyarsu ce. Sai dai damina ba ta jiran a samo kuɗin bincike, kuma da babu gara ba daɗi. Akwai kuma batun mutunci, wanda ya fi na fasaha nauyi. Zaure iyaka ne, abin da ke bayansa sirrin iyali ne. Wajibi ne a yi sallama, a nemi yardar mai gida, a kuma shaida masa inda hoton zai tafi.

Abin da ya kamata shi ne kowane sashen Hausa ya sanya wannan aiki cikin darasin al'adu. A ba ɗalibi unguwa guda, ya kawo hotuna na asali, kowanne da kwanan wata da sunan unguwa da sunayen sassan ginin kamar yadda magina ke faɗa. A ajiye kwafi a laburaren jami'a, a kai wani cibiya irin Gidan Arewa da ke Kaduna. Idan aka ɗore a kan haka shekara goma, ranar da wani soro ya sake faɗuwa za a sami abin da magini zai duba ya mayar da shi, kuma ɗalibin gobe zai san sunan abin da yake kallo.