Honda biyu da hanyar Fadan Kaje

Masu sha'awar tsofaffin babura a Amurka ba sa gajiya da musu a kan Harley-Davidson, ko Knucklehead na 1936 ya fi, ko Panhead na 1948. Mu ma muna da irin namu musun, amma a kan Honda: CD175 mai silinda biyu da CG125 mai silinda ɗaya. Dattawan da suka ga zamanin ƙarin albashin Udoji, lokacin da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan suka samu sukunin sayen abin hawa, yawanci CD suke ɗaga wa hannu. Ina ganin girmansu, amma a wurina CG ne ya fi cancantar yabo, kuma hujjata tana cikin injin.

A CD175, sandar da ke buɗe bawul tana can saman injin, sarƙa ke juya ta, kuma rayuwarta ta dogara ga baƙin mai mai tsabta ya riƙa hawa yana isa gare ta. In mai ya yi datti ko ya ƙone, saman injin ne ke fara cinyewa. Injiniyoyin Honda sun lura da wannan a ƙasashe masu tasowa, inda ake loda wa babur kaya fiye da kima kuma ba a juye mai sai ya koma kamar kwalta. Shi ya sa da suka fito da CG125 a 1975 suka sauko da sandar ƙasa, kusa da mai, suka kuma sa soson tace iska wanda ake wankewa a mayar. Duk wanda ya ga babur ya fito daga gona a Fadan Kaje da buhunan citta ɗaure a baya, jar laka ta rufe tayoyi da damina, ƙurar hunturu ta toshe komai da rani, ya san don wa aka yi wannan dabara.

Za a ce CD ya fi ƙarfi, ya fi laushin tafiya, ƙararsa ma daban ce. Haka ne, kuma a kan kwalta daga Kafanchan zuwa Kachia ba mai ja da wannan. Sai dai manomi ba a kan kwalta yake wuni ba, kuma silinda biyu na nufin fulogi biyu, fistin biyu, kuɗin gyara ninki. Wasu kuma za su ce cinyewar injin CD laifin mai babur ne da bai kula da abinsa ba. To, mutumin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara, bayan haƙar citta, ba sakaci ne ke hana shi juye mai ba. Kamfanonin China da dama sun kwaikwayi injin CG, har ya zama bakanike a Zonkwa yana iya kwance shi a gindin mangwaro ya ɗaura kafin la'asar. Mai CD kuwa sai ya jira a nemo masa kayan gyara daga Kaduna ko Jos, in an dace.