Gudun ƙafa ne, ko na takalmi?

A 1960 Abebe Bikila ɗan Habasha ya lashe gudun fanfalaki na Olamfik a Rum, ko silifa babu a ƙafarsa. A 2019 kuwa, Eliud Kipchoge ya cinye kilomita 42 cikin ƙasa da awa 2 a Biyenna, sanye da takalmin Nike mai farantin kabon da kumfa mai kauri, yana takawa tana cilla shi gaba. Shimfiɗar da ke tallafe tafin ƙafa ta daidaita diddige, wannan ban ga laifinta ba, gyara ce. Amma takalmi ya riƙa taya mutum gudu? A'a. Hukumar World Athletics ta yi daidai da ta ƙayyade kaurin takalmin gudun titi a milimita 40 a 2020.