Kafin Ka Sayi Makirufo

A shekarun baya, matashin Maiduguri da ke son ya ji waƙarsa a kaset ko a faifai, sau da yawa sai ya yi guzuri ya kama hanyar Kano. Tafiya ce ta kusan kilomita 600, ta Damaturu da Potiskum. A can zai jira layi a situdiyo, wato ɗakin da ake ɗaukar waƙa ko magana a na'ura, ya biya makaɗin fiyano, ya biya kuɗin masauki, sannan ya dawo gida da waƙa ɗaya ko biyu. Yau al'amarin ya sauya. A unguwanni irin su Gwange da Hausari da Bulumkutu akwai matasa da ke ɗaukar murya a cikin ɗakin kwanansu. Wani waƙar biki yake yi, wani yabon Annabi, wani kuma tallar 'yan kasuwa. Wani da Kanuri, wani da Hausa, wani da Larabcin Shuwa.

Ina farin ciki da wannan sauyi, kuma ba na ganin situdiyon gida a matsayin wasan yara. Ko a Amurka, inda ake da manyan situdiyoyi, mawaƙiya Billie Eilish da yayanta Finneas a ɗakin kwana suka haɗa kundin waƙoƙin da ya ci kyaututtukan Grammy a shekarar 2020. Sai dai ina da ƙorafi guda. Yawancin matasanmu daga rufi suke fara gini. Da zarar kuɗi sun shigo hannun yaro, sai ya zuba su duka a kan makirufo mai tsada da manyan lasifikoki, bai ware ko kwabo don gyara ɗaki ko kare kayan ba. A ganina, a gari irin Maiduguri, wanda ya iya kula da kaya masu sauƙin kuɗi ya fi wanda ya sayi masu tsada ya bar su a hannun ƙura da zafi da wutar lantarki.

Mu fara da ɗakin. Ka shiga ɗakin da babu kowa kuma babu kaya, ka tafa hannu sau ɗaya. Za ka ji sautin ya bugi bango ya dawo. Wannan shi ake kira amsa-kuwwa, kuma shi ne ke sa murya ta fito kamar an yi magana a cikin randa. Makirufo ba ya zaɓe. Duk abin da ya ji zai ɗauka, kuma mai tsada ya fi mai araha jin wannan aibi. Maganinsa yana cikin gidanku: katifa a jingine a bango, bargo mai kauri a bayan mai waƙa, darduma a ƙasa, labule a taga. Abu mai laushi yana shanye sauti, abu mai santsi kuma yana mayar da shi. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango ɗan amfaninsa kaɗan ne, ga shi kuma yana saurin kama wuta.

Hana amsa-kuwwa daban, hana hayaniyar waje shigowa daban. Bargo ba ya tare ƙarar titi. Abin da ke tare ta shi ne bango mai kauri da nauyi, da ƙofar da ba ta da kafa. A nan tsohon ɗakin ƙasa na kakanninmu ya fi ɗakin bulo mai rufin kwano, domin ya fi shiru, kuma ya fi sanyi da rana. Wanda ya taɓa ƙoƙarin ɗaukar murya a ƙarƙashin kwano ana ruwan Agusta ya san abin da nake nufi. Tun shekarar 2011 aka hana hawa babur a cikin Maiduguri, amma Keke Napep ya maye gurbinsa, ga kuma janaretan maƙwabci da carar zakara. Wanda ba shi da kuɗin gini, sai ya yi amfani da lokaci: ya san sa'ar da layinsu ke yin tsit, ya yi aikinsa a cikinta. Shi ma kuma ya san haƙƙin maƙwabta. Ba a ƙure lasifika lokacin salla, ko da dare sa'ad da mutane ke barci.

Sai ƙura. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura mai laushi daga Hamada, kuma Borno tana bakin hanyarta. Ka share tebur da safe, kafin la'asar kana iya rubuta sunanka a kansa da yatsa. Wannan ƙura tana shiga fankar kwamfuta ta toshe ta, tana shiga ƙarƙashin maɓallan fiyano, tana shiga ramukan da ake soka waya har a riƙa jin ƙarar ƙas-ƙas a cikin waƙa. Kariya daga gare ta ba ta da tsada. A rufe kowace na'ura da ƙyalle bayan an gama aiki. A mayar da makirufo cikin akwatinsa. A goge kaya da busasshen tsumma ko buroshi mai laushi, ba da ruwa ba. A toshe ƙasan ƙofa da tsohon zane.

A nan ne zaɓen makirufo ke da muhimmanci. Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai wanda ake kira dainamik, irin wanda ake gani a masallatai da wuraren taro. Yana da juriya, ba ya bukatar wata wuta ta daban, kuma ya fi jin abin da ke kusa da shi. Akwai kuma kondensa, mai kaifin ji, wanda ke bukatar wutar bolt 48 daga na'urar da aka haɗa shi da ita. Shi ne matasa suka fi sha'awa, saboda shi suke gani a hotunan manyan mawaƙa. Amma a ɗakin da ba a gyara ba zai ɗauko kukan akuya da hirar tsakar gida, kuma ƙura da danshi suna saurin yi masa illa. Ga mai farawa a Maiduguri, ni dainamik nake zaɓa masa. Kowanne aka saya, kada a busa masa iska ko a buge shi da yatsa don gwaji; magana kawai ake yi. Mai waƙa ya tsaya kamar taƙi ɗaya daga gare shi. In an shimfiɗa siririyar safa a kan zoben waya aka sa a tsakani, za ta tare iskar baki da yawu.

Zafi ma abokin gaba ne. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a Maiduguri yakan haura digiri 40. Kwamfutar da aka ɗora a kan katifa ko filo ba ta samun iska, sai ta riƙa tsayawa ko ta mutu a tsakiyar aiki. Batir kuma zafi yana rage masa kwana. A ɗora na'ura a kan tebur, nesa da hasken taga, a bar ta ta huta da tsakar rana.

Babbar matsala dai ita ce wutar lantarki, kuma mutumin Maiduguri ba ya bukatar a ba shi labari. A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka rusa turakun babban layin da ke kawo wuta daga Damaturu, garin ya yi watanni cikin duhu. A watan Maris na 2023 aka buɗe tashar wuta mai amfani da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, don rage wannan wahala. Duk da haka, rashin wuta ba ya ƙona kaya. Abin da ke ƙona su shi ne yadda take dawowa, wani lokaci da ƙarfin da ya wuce kima, da kuma hawa da saukar wutar ƙaramin janareta. Ɗan yayata ya yi shekara yana tara kuɗin ɗinki, ya sayi lasifikoki biyu da na'urar haɗa sauti. Na ce ya sayi sitabilaiza, na'urar da ke daidaita ƙarfin wuta, ya ce sai wani watan. Ba a yi mako uku ba aka kawo wuta cikin dare, kayan suna jone. Da safe warin ƙonanniyar roba ne ya tashe shi. Kuɗin sitabilaizar bai kai na lasifika ɗaya ba.

Don haka nake cewa kuɗin farko na kariya ne. Wanda ke da hali ya sa farantin sola da batir da inbata. Rana ba ta yi mana rowa ba, kuma sola ba ta da ƙarar da za ta shiga waƙa. Wanda ba shi da hali ya cire kayansa daga soket duk lokacin da aka ɗauke wuta ko hadari ya taso. Wajen kunna kaya, lasifika ce ta ƙarshe; wajen kashewa, ita ce ta farko. Waya kuma a naɗe ta a hankali, kada a ƙulle ta kamar igiyar guga, domin siraran ƙarafan cikinta suna tsinkewa ba a gani. Game da manhaja, akwai Audacity, wadda kyauta ce, kuma ta isa mai koyo.

Akwai wani kayan aiki da ba a sayar da shi a Monday Market ko a Kano, wato kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin rasa jinsu saboda sauraron sauti mai ƙarfi. In ka cire abin saurare daga kunne ka ji yana yi maka ƙara, to ka wuce gona da iri.

Wasu iyaye za su ce, me ya haɗa ɗalibi da wannan duka? Suna tsoron kada waƙa ta janye yaro daga karatu, ko ta kai shi ga abokan banza. Tsoronsu yana da tushe, ban raina shi ba. Amma situdiyon da ke cikin gida a gaban idonsu yake. Suna jin abin da ake rerawa, suna ganin masu shiga da fita. Kuma yaron da ya fahimci dalilin amsa-kuwwa da ƙarfin wuta, darasin kimiyya ne yake yi da hannunsa. Sana'ar ma ba ta tsaya ga waƙa ba. Gidajen rediyo irin su BRTV da Dandal Kura da masu sarrafa sauti suke aiki, haka ma masu ɗaukar wa'azi da masu shirya talla.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Tsofaffin da suka san waƙoƙin niƙa da na reno, da masu busa algaita da masu kiɗan ganga na gargajiya, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Rikicin da aka fara a 2009 ya raba da yawa daga cikinsu da ƙauyukansu, suna nan zaune a cikin Maiduguri. Babu situdiyon Kano da zai zo ya nemi wata tsohuwa a Gwange. Jikanta ne kaɗai zai iya.

Na san wani saurayi da ya yi hakan. Ya ɗauki muryar kakarsa tana rera waƙoƙin Kanuri na daka da na bikin aure, kusan guda ashirin, ya adana su a kwamfutarsa. Kwamfutar a ƙasa take kwana, kusa da tabarmarsa. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na garin, irin ambaliyar da ba a gani ba tun 1994. Shi da iyalinsa sun tsira da rayukansu, alhamdu lillahi. Makirufonsa yana rataye a ƙusa can sama, bai jiƙe ba. Kwamfutar kuwa ta kwana uku a cikin laka, masu gyara suka ce babu abin da za a ciro. Kakar ta riga ta rasu tun kafin damina. Bai ajiye kwafi a wani wuri ba, ko a katin waya ko a intanet, don yana jira sai ya gama tace su. Waƙoƙi uku ne kawai suka rage, waɗanda ya taɓa tura wa ƙanwarsa da ke aure a Kano ta WhatsApp don ta ji muryar kakarsu.