Laftof ɗinka na jan ka? A binciki wayarin ɗin gidan tukuna

Duk ɗalibin da ke da laftof mai jikin ƙarfe ya san abin nan. Ka jona caja, ka ɗora hannu a gefen madannai, sai ka ji wani ɗan zirrr kamar kiyashi na yawo a fatarka. Ka zare cajar, shiru. Ka mayar, ya dawo. Idan ka tambayi na kusa da kai, amsar ɗaya ce: "Ai haka take, ka sa takalmi kawai." A ɗakunan hayar da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ke kamawa a garin Kalgo, da shagunan buga takardu da cajin waya na Gwandu, wannan magana ta zama kamar doka. Ni kuwa a ganina sabo ne kawai, kuma sabo turken wawa ne. Wannan ɗan jan saƙo ne, yana gaya mana cewa akwai abin da ya ɓace a wutar gidan.

Bari mu fara da abin da ke faruwa. Wutar da ake kawo mana gida a Najeriya bolt 230 ce, laftof kuma abin da take sha bai wuce bolt 19 zuwa 20 ba, shi ya sa ake haɗa ta da caja mai rage ƙarfin. A cikin cajar akwai wani ƙaramin ƙarfe da ke tace hayaniyar lantarki, kuma ta nan ne wuta 'yar mitsitsiya ke tsiyayowa zuwa jikin kwamfutar. Idan filogin mai ƙafa uku ne, kuma soket ɗin na da wayar ƙasa ta gaskiya, wannan tsiyaya takan bi doguwar ƙafar nan ta sama ta wuce cikin ƙasa, ba ka ma san an yi ba. Idan babu wannan hanya, sai ta nemi wata. Kai ne hanyar, musamman in kana zaune kan tabarma a daɓen siminti, ƙafa ba takalmi, ga zufar bazara.

Kada a haɗa wannan da tartsatsin hunturu. Shi wannan sau ɗaya yake ƙyasta ka idan ka taɓa ƙarfe bayan ka goga riga ko bargo, ko da caja ko babu. Na caja kuwa ba ya tsayawa sai ka zare ta. Yakan zo da 'yan rakiya ma: linzamin kwamfuta ya riƙa tsalle shi kaɗai, ko ka ji wani gurnani a cikin muryar da ka naɗa. Mu da ke haɗa shirye-shiryen rediyo da bidiyo don aikin aji mun san wannan ciwon kai sosai.

Wani zai ce ai ba wanda laftof ta kashe. Akwai gaskiya a ciki. Caja ta asali mai ƙafa biyu an rufe ta da kariya ninki biyu, kuma abin da ke tsiyayowa daga gare ta bai kai miliamfiya ɗaya ba. Amma abu biyu nake so mu duba. Na farko, cajojin da yawancinmu ke saya in ta asali ta ƙone, masu sauƙin kuɗin nan marasa nauyi, ba ka da tabbacin abin da ke cikinsu, kuma araha ba ta ado. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci: idan cajarka mai ƙafa uku ce kuma duk da haka tana jan ka, to alama ce mai ƙarfi cewa wayar ƙasa ta yanke a wani wuri, ko dai a igiyar cajar, ko a ekstenshan, ko a bangon kansa. A wannan soket ɗin ne za ka jona dutsen guga, da butar dafa ruwa, da firjin mai gida. Ranar da wayar wuta ta goge ta taɓa jikin ɗaya daga cikinsu, abin da zai biyo jikin mutum ya wuce zirrr nesa ba kusa ba.

Mu ma da hannunmu a ciki. Wa bai taɓa ganin an cusa murfin biro ko tsinken ashana a ramin sama na soket don filogi mai ƙafa biyu ya shiga ba? Wasu kan ɓalle ƙafa ta uku gaba ɗaya don ta dace da adafta. Ekstenshan da yawa kuma ramuka uku ne a fuska, amma in aka kwance, waya biyu kacal za a tarar a ciki. Ga kuma ɗakunan da ake ja wa wuta daga ɗaki zuwa ɗaki da waya biyu, ko a jona ƙaramin janareta kai tsaye ba tare da an haɗa jikinsa da ƙasa ba.

Sai kuma dabarun abokai, waɗanda su suka fi ba ni tsoro. Wani ya ɗaura waya a jikin laftof ya kai ta ƙarfen taga, wani ya ce a naɗa a famfon ruwa, wani kuma ya haɗa ramin ƙasa da wayar nutural a bayan soket. Don Allah kar a yi. Idan nutural ta yanke, ko aka juya wayoyin a wani gyara, jikin duk abin da ka jona zai ɗauki cikakkiyar wuta. Famfon ruwa kuwa, ka kai haɗarin ne ga wanda zai zo wanke hannu.

Gyaran gaskiya a bayyane yake. Mai aikin wuta da ya san aikinsa zai kafa sandar jan ƙarfe cikin ƙasa, ya ja waya mai launin kore da rawaya daga nan zuwa akwatin rarraba wuta, daga can zuwa kowane soket, sannan ya auna da na'ura ya tabbatar. Aunawar tana da muhimmanci a yankinmu, domin ƙasa mai yashi in ta bushe da rani ba ta karɓar wuta kamar ƙasa mai danshi, shi ya sa za ka ga ana zuba gawayi da gishiri a ramin. Sandar ma ita kaɗai ba ta isa ba. Ana haɗa ta da irin birekar nan mai jin tsiyayar wuta, wadda ke kashe layi nan take idan abin da ke zurarewa ya kai miliamfiya 30.

Na san tambayar da ke biye: wa zai biya? Kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke kula da Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Kaduna, shi ke kawo wuta bakin mita. Wayarin ɗin cikin gida kuwa nauyin mai gida ne. Akwai kuma hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, mai alhakin duba ingancin aikin lantarki da ba masu yin sa shaidar ƙwarewa. To amma hukuma ba za ta leƙa kowane ɗakin haya a Kalgo ba. Mu masu biyan kuɗin haya ne ya kamata mu fara buɗe baki. Muna tambayar ko akwai rijiya, ko banɗaki nawa ne, ko ana samun sabis. Me zai hana mu ce, "Baba, gidan nan na da wayar ƙasa kuwa?" Sanda ɗaya da bireka ɗaya gidan duka suke karewa, kuma in ɗakuna goma suka haɗa baki, maganarsu ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Kafin a kai ga haka, ga abin da ke hannunka. Ka nemi caja ta asali da igiya mai ƙafa uku, ka bar ƙafar yadda take. Ka sa a kwance ekstenshan a gabanka ka ga waya uku kafin ka biya. Kar ka taɓa abin da ke jone da jiƙaƙƙen hannu. Idan jan ya tashi daga zirrr ya koma cizo, ko caja ta fara zafi da wari, ka zare ta daga bango ka daina amfani da ita. Idan kuma ka koma gida hutu, Gwandu ne ko wani gari, ka sa a duba soket ɗin da firjin Mama ke jone, domin ƙannenka da ƙafa ba takalmi suke buɗe shi.