Bitar Kimiyya: A Fara Daga Randa Da Fadama

Gabatarwa

Duk shekara idan bazara ta kama, zafi ya tsananta a ƙasar Kabi, ɗaliban ajin ƙarshe na makarantun sakandare sukan duƙufa bita, domin jarrabawar hukumar WAEC ta ƙarato, ta NECO kuma tana biye da ita. A garuruwan Gwandu da Kalgo, da ƙauyukan yankin irin su Wurogauri, akan tarar da yaro ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya kunna tocila, ya buɗe littafin da ya kwafi darasi a ciki, yana ta nanata ma'anonin kalmomi da Turanci har dare ya raba. Daren yau na Fiziks ne, gobe Kemistiri, jibi Bayoloji, kowanne an ware shi kamar ba dangin juna ba. Himmar abin yabo ce, amma hanyar tana da gyara. Wannan maƙala tana da ra'ayin cewa bitar da ta fi amfani ita ce wadda ɗalibi zai ɗauki abu ɗaya da ya sani a gida ko a gona, ya tambaye shi da darussan nan uku a lokaci guda, sannan ya rufe littafi ya gwada kansa.

Batun ba ƙarami ba ne. Mai son karanta likitanci ko injiniyanci ko aikin gona a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kabi, wadda aka kafa a 2013, ko Jami'ar Kimiyya da Fasaha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006, ko Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sai ya sami kiredit a darussa biyar, ciki har da Turanci da Lissafi da darussan kimiyyar da suka shafi fanninsa. Darasi ɗaya idan ya faɗi, shekara guda ta tafi, kuɗin rajistar da uba ya sayar da hatsi ya biya su ma sun tafi. Yarinya kuwa sau da yawa ba ta samun damar sake zama.

Darasin da ke cikin randa

Babu gidan da ba a san randa ba, kuma kowa ya san ruwanta ya fi na bokitin roba sanyi. Ɗalibin da ya iya bayyana dalilin haka ya riga ya yi bitar babi guda na Fiziks. Jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke tsattsafowa ta cikinsu. Idan ya fito sai ya zama tururi ya bi iska, kuma kafin ya zama tururi dole ya ɗebi zafi daga randar da ruwan da ke cikinta. Kowane giram ɗaya na ruwa yana tafiya da zafi kimanin jul 2,400. To, a ce randa tana da lita 20, giram 100 suka bi iska: zafin da ya fita ya kai jul 240,000. Da yake ana bukatar fitar da jul 4,200 kafin kilogiram ɗaya na ruwa ya sauka da digiri ɗaya, lita 20 suna bukatar jul 84,000. Idan aka raba, za a ga ruwan zai sauka da kusan digiri 3, muddin wani zafi bai shigo daga waje ba.

Daga nan sai ɗalibi ya tambayi kansa: me ya sa randa ta fi sanyi da hunturu da bazara, ta rage sanyi da damina? Amsar ita ce busasshiyar iska ta fi saurin ɗaukar tururi. Wannan ƙa'idar ce take aiki a jikin mutum idan ya yi gumi, kuma ita ce take aiki a ganyen shuka idan ruwa yana fita ta ƙofofinsa, yana jawo wani daga saiwa. Ashe an shiga Bayoloji ba tare da an sauya littafi ba. Da wannan ilmin ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, domin adana tumatir da kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Fadama makaranta ce

Jihar Kabi ta yi suna wajen noman shinkafa, kuma a Birnin Kabi ne aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015. Yaran yankin da yawa sun taso suna taya iyayensu ban ruwa. Sun sha ganin yadda idan rani ya yi nisa, ruwan ƙasa ya ja baya, manomi yakan haƙa rami ya sauke injin ban ruwa a ciki kafin ya iya jawo ruwa. Dalili shi ne injin yana rage iskar da ke cikin mesa ne, nauyin iskar sararin sama kuma ya turo ruwan ya hau. Nauyin nan ba ya iya ɗaga ruwa fiye da kimanin mita 10, a aikace ma bai cika wuce 7 ko 8 ba. Wannan ita ce matsalar da ta sa Torricelli, wani masani ɗan Italiya, ya ƙirƙiro ma'aunin nauyin iska a 1643. Haka nan idan inji ya ɗaga lita 1,000 zuwa tsawon mita 5, ya yi aikin kimanin jul 50,000. Idan ya gama cikin daƙiƙa 100, ƙarfinsa wat 500 ke nan. Tambayar da ake yi a jarrabawa ba ta wuce irin wannan ba.

A gefen injin ga buhun taki. A jikin buhun yuriya an rubuta kashi 46 cikin ɗari, kuma ɗalibin Kemistiri yana iya tabbatar da wannan adadi da alƙalaminsa. Nauyin ƙwayar yuriya 60 ne, daga ciki 28 na nitirojin ne. Idan aka raba 28 da 60 za a sami kashi 46 da ɗoriya. Saboda haka buhu mai kilogiram 50 yana ɗauke da nitirojin kilogiram 23, alhali buhun kamfa mai lamba 15:15:15 yana da kilogiram 7 da rabi kacal. Manomin da ɗansa ya iya wannan lissafi ba zai sayi taki da ka ba. Nitirojin ɗin nan daga iska aka samo shi, domin kashi 78 cikin ɗari na iskar da ake shaƙa nitirojin ne. Fritz Haber na ƙasar Jamus ya gano hanyar haɗa shi da haidirojin a 1909, Carl Bosch kuma ya mayar da hanyar ta zama ta masana'anta a 1913. Tun kafin su, ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙulle-ƙullen saiwar wake da gyaɗa suna yin wannan aiki kyauta, shi ya sa manoman gargajiya suke shuka wake tsakanin gero da dawa.

Idan kuma aka zuba taki da yawa a gindin shuka sai a ce ya ƙone ta. Abin da ya faru shi ne ruwan ƙasa ya fi na cikin saiwa kauri, sai ruwa ya riƙa fita daga saiwar maimakon ya shiga. Wannan shi ne osmosis, kuma shi ne dalilin da ya sa gishiri yake tsotse ruwan kifi ya hana shi ruɓa. A kwatamin da ruwa ya kwanta kuwa, sauro yana ƙyanƙyasa. Tun 1897 Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin jikin sauro. A ruwan nan ne kuma dodon koɗi yake rainon tsutsar da ke kawo tsagiya, wato fitsarin jini. Fadama ɗaya ta ba da babi shida ko bakwai na manhaja.

Kanwa, tsamiya da zoɓorodo

Madafin uwa ma ba a bar shi a baya ba. A jiƙa tsamiya a ƙoƙo, a jiƙa kanwa a wani, a haɗa su: sai kumfa ta taso. Tsamiya asid ce, kanwa kuma tana ɗauke da sinadarin kabonet, haɗuwarsu tana fitar da iskar kabon-dayoksaid. Ruwan zoɓorodo yana nuna bambancinsu a fili, domin a ruwan tsami jajur yake, idan kuwa aka ɗiga masa ruwan kanwa ko na toka sai launinsa ya juya ya yi duhu, ya koma wajen kore. Aikin da takardar litmos take yi ke nan a ɗakin gwaji. Iskar da ta fito daga ƙoƙon ita ce ganye yake ɗauka ya haɗa da ruwa da hasken rana ya yi abinci, ita ce kuma mutum yake fitarwa idan ya numfasa. Mai son Fiziks kuma ya ɗaure ƙaramin dutse da zare mai tsawon mita 1, ya rataye shi a ƙofa, ya ƙirga lilonsa sau 20 da agogon waya. Zai ga kowane zuwa da dawowa yana ɗaukar kusan daƙiƙa 2, daga nan kuma ya lissafa ƙarfin jan ƙasa ya ga ko ya kusanci 9.8.

Abin da masu suka za su ce

Wani malami zai ce jarrabawa da Turanci ake yin ta, mai duba takarda kuma ba ruwansa da randa, kalmomin littafi yake nema. Gaskiya ne, kuma hadda tana da muhallinta: alamomin sinadarai, da ma'aunai, da sunayen sassan fure da na zuciya, dole a haddace su da rubutunsu daidai. Sai dai rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun daɗe suna kokawa kan ɗaliban da ke barin amsa ba ma'auni, da waɗanda ba su iya zana giraf ba, da waɗanda ke rikicewa idan an sauya wa tambaya kama. Wanda ya fahimci abu da Hausa, sannan ya koyi sunansa da Turanci, ko an juya tambayar zai gane ta. Wanda ya haddace jimla kawai, kalma ɗaya idan ta ɓace masa sauran ma sun bi ta.

Wani kuma zai ce zoɓorodo ba zai maye gurbin ɗakin gwaji ba. Wannan ma gaskiya ne. Jarrabawar aikin hannu ta Kemistiri tana bukatar ɗalibi ya taɓa riƙe kwalaben awo ya ɗiga asid da hannunsa, kuma babu kayan gida da za su koyar da wannan. Haƙƙi ne a wuyan gwamnati da masu makarantu su samar da kayan aiki da malaman da suka ƙware, tun daga ajin farko na babbar sakandare. Bai kamata ɗalibi ya fara ganin kayan gwaji ana saura mako guda jarrabawa ba. Amma kafin haƙƙin ya iso, zaman jira asara ne.

Yadda za a tsara lokaci

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, kuma maimaitawa a lokuta daban-daban tana rage ta. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gano cewa ɗaliban da suka rufe takarda suka rubuta abin da suka tuna sun fi waɗanda suka yi ta sake karantawa riƙe darasi bayan mako guda. Ɗan Gwandu, garin da ya gaji karatu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, bai kamata wannan ya zame masa baƙo ba, domin a makarantar allo ba a wanke allo sai almajiri ya biya karatunsa ba tare da ya duba ba. Saboda haka ɗalibi ya ware sa'a ɗaya ko biyu kullum tun daga zangon farko, ya karanta babi, ya rufe littafi, ya rubuta abin da ya tuna, ya yi zane da hannunsa, ya amsa tsofaffin tambayoyi yana duban agogo, sannan ya sake waiwayar babin bayan kwana uku da bayan mako biyu. Idan su uku ne ko huɗu, kowa ya ɗauki abu ɗaya ya yi wa 'yan'uwansa bayani, su kuma su tsare shi da tambayoyi. Barci kuma kada a yi wasa da shi, domin ƙwaƙwalwa tana daidaita abin da ta koya ne a lokacinsa.

Akwai kuma gajeriyar hanya da wasu ke bi, ta satar amsa da cibiyoyin da ake biyan kuɗi a rubuta wa ɗalibi. Dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi tara da ɗauri a kan haka, hukumomin jarrabawa kuma suna soke sakamako. Ko an tsira daga wannan, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: wanda ya shiga makarantar koyon jinya da kiredit na sata, wata rana shi za a ba allura a ce ya auna wa jariri.

Kammalawa

Malamin kimiyya a Gwandu ko Kalgo yana iya fara wannan gyara ba tare da kasafin kuɗi ba. Malaman darussan uku su zauna tare sau ɗaya a mako, su zaɓi abu guda, yau randa, mako mai zuwa buhun taki ko farantin sola, kowa ya fitar da tambayoyinsa a kai. Jami'o'in jihar su riƙa tura ɗalibansu na kimiyya makarantun karkara lokacin hutu da kayan gwaji, ko da na kwana biyu ne. Iyaye kuma su rage wa ɗan ajin ƙarshe aike da tallace-tallace a watannin bita, musamman 'ya'ya mata. Shi kuwa ɗalibi, yau da yamma ya je gindin randa da takarda da alƙalami, ya rubuta tambayoyi biyar da zai iya yi mata, ya ga nawa zai amsa kafin ya buɗe littafi.