Sayen Nagari da Allon Wasa a Ƙauyukan Hausawan Sudan

Kalmar “allo” Hausa ta aro ta ne daga Larabci, daga “al-lauh”, wato katakon da almajiri ke rubuta karatunsa a kai. Har yau a makarantun allo na Sudan, waɗanda ake kira “halwa”, da sunansa na asali ake kiransa. Da zamani ya kawo talabijin da kwamfuta, Bahaushe bai sha wahalar neman suna ba, sai ya faɗaɗa ma’anar tsohuwar kalmar ta haɗa da gilashin da hoto ke bayyana a kai. A kan wannan sabon allo ne muhawara take tasowa duk lokacin da wani matashi ya tara ɗan jari zai buɗe ɗakin wasan PlayStation: ya sayi mai araha, ko ya runtse ido ya sayi mai tsada?

Masu goyon bayan mai tsada suna da karin magana har biyu a bakinsu. Suna cewa araha ba ta ado, kuma sayen nagari mayar da kuɗi gida. Ba a musun hikimar magabata, amma ɗalibin harshe zai lura cewa “nagari” aka ce, kuma nagartar kaya tana tabbata ne idan ya yi aikin da aka saye shi dominsa a wurin da aka ajiye shi. Saboda haka sai an fara duba wurin.

A ɗauki Maiurno, garin da ke gaɓar Shuɗin Nilu kudu da Sinnar, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ya kafa da jama’arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Madatsar ruwan Sinnar, wadda aka kammala a 1925 domin shayar da gonakin audugar Jazira, ba ta da nisa da garin. Duk da haka kusanci da madatsa bai taɓa zama lamunin wuta mai ɗorewa ba. A cikin Jazira kuwa, da yawa daga sansanonin ’yan ƙwadagon gona da ake kira “kanabi”, inda Hausawa ke cikin mazauna, sun daɗe ba tare da wutar gwamnati ba. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya ƙara dagula lamarin. Wad Madani, babban birnin jihar Jazira, ya faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023, sojoji ba su ƙwato shi ba sai a Janairun 2025. Kasuwa ta watse, darajar fam ɗin Sudan ta zube, kayan gyara suka yi wuya. Wanda zai zuba jarinsa a irin wannan yanayi, kuskure ɗaya ya isa ya tashi da sana’ar gaba ɗaya.

To, me ake saye da ƙarin kuɗin allo mai tsada? Babban abin shi ne saurin sabunta hoto. Allon da aka rubuta 60Hz a kwalinsa yana sauya hoto sau 60 a daƙiƙa guda, mai 144Hz sau 144, akwai ma mai 240Hz. Bambancin gaskiya ne, idon gwani yana ganinsa. Sai dai allo ba ya ƙirƙirar hoto da kansa, abin da na’ura ta aiko masa shi yake nunawa. PlayStation 4, wadda ta fito a 2013 kuma har yanzu ita ce mai jari kaɗan zai iya kaiwa gare ta, ba ta wuce 60 a daƙiƙa. Ko PlayStation 5 ta 2020 iyakarta 120, shi ma a wasu wasanni kawai. Wanda ya haɗa allon 240Hz da PlayStation 4 ya biya kuɗin saurin da ba zai taɓa gani ba. Haka batun 4K yake: PlayStation 4 ta asali a 1080 take tsayawa, komai kyan gilashin da aka jona mata.

Sannan ga cin wuta. Allo mai inci 24 na yau da kullum yana cin abin da bai wuce wat 20 zuwa 30 ba, manya masu tsananin haske kuwa sukan ninka haka. Ga mai dogaro da sola da batir, wannan bambanci shi ne sa’o’in dare da yara za su zauna suna biyan kuɗin wasa, ko kuma su watse tun bayan isha. Alluna masu tsada irin na OLED suna da wata illa da ba a cika faɗa wa mai saye ba: hoton da ya daɗe a wuri ɗaya yakan bar tabo na dindindin, kuma wasan ƙwallo kullum da akwatin ƙirgen ci a kusurwa guda. A haɗa da zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar habub mai shiga kowace kafa.

Amma akwai arahar da gaske ba ta ado. Alluna mafiya sauƙin kuɗi sukan zo da gilashi samfurin TN, wanda launinsa ke dushewa da zarar an kalle shi daga gefe. A ɗakin da mutum biyu ke wasa, goma na tsaye a kansu suna kallo, wannan aibi ne babba, kuma ƙarin da za a yi a sami samfurin IPS bai taka kara ya karya ba. Tsohuwar talabijin ma takan jinkirta tsakanin danna maɓalli da motsin ɗan wasa, abin da ke sa abokan ciniki su koma ɗakin maƙwabci.

Ɗan gasa mai kwamfuta mai ƙarfi da wuta tsayayya yana da hujjar sayen allo mai tsada. Mai ɗakin wasa a Maiurno ko a wani ƙauyen Jazira kuwa, allon IPS mai inci 24 ko 27, mai 1080 da 60Hz ko 75Hz, ya ishe shi. Ragowar kuɗin ya fi amfani a batir mai kyau, da sitabilaiza mai kare kaya daga hawa da saukar wuta, da fanka, da allo na biyu domin mutum huɗu su yi wasa a lokaci guda maimakon biyu.