Musuluntar Etienne Dinet ba ta wanke zanensa ba

Duk inda aka taɓo maganar Turawan da suka zana Larabawa da ƙasashen Musulmi a zamanin mulkin mallaka, waɗanda Faransawa ke kira «orientalistes», sai an samu mai cewa a tsame mutum guda daga cikin zargi, wato Etienne Dinet. Hujjar kuwa ba ta wuce ɗaya ba: ai ya musulunta, ya ɗauki sunan Nasiruddini, har ya sauke farali. Da an faɗi haka sai a rufe bakin kowa, kamar dai kalmar shahada sabulu ce da ake wanke allon zane da ita. Wannan hujja ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma bai kamata malamin da ke gaban ɗalibai ya haɗiye ta ba tare da ya tauna ba.

A ba mutumin haƙƙinsa tukuna. An haife shi a Paris a 1861, ya koyi zane a can, ya fara taka ƙasar Aljeriya a 1884. Bai yi irin ta takwarorinsa da ke zuwa su yi wata biyu, su koma gida da akwati cike da raƙuma da dabino ba. Ya koyi Larabci, ya zauna a Bu-Sa'ada tun wajen 1904, ya bayyana musuluntarsa a 1913. Shi da amininsa Sliman ben Ibrahim suka wallafa tarihin Annabi (SAW) da Faransanci a 1918, suka kuma rubuta raddi ga masana irin su Henri Lammens, limamin Kirista da ya yi suna wajen muzanta tarihin farkon Musulunci. A 1929 ya yi aikin hajji, ya rasu a ƙarshen wannan shekara. Imaninsa tsakaninsa da Mahaliccinsa ne. Ba wanda ke da hurumin auna shi.

Amma zane ba a zuciya yake zaune ba. Abu ne da ake rataye wa a bango, a yi masa kuɗi, a saya. To, su wa suka sayi na Dinet, kuma me suka gani a ciki? Attajiran Paris ne da Turawan da suka mamaye Aljeriya. Shi kansa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu zanen Gabas ta Faransa a 1893, gwamnatin ƙasarsa kuma ta ba shi lambar girma ta Légion d'honneur a 1896. Cikin abin da ya kai musu akwai masallata da makafi da yara masu wasa, gaskiya ne. Akwai kuma ƴan mata, wasu ko girma ba su gama ba, tsirara a bakin rafin Bu-Sa'ada, daga su sai awarwaro da ƴan kunne, suna dariya kamar ba mai kallonsu. Masu yabonsa sukan ratsa wannan wuri da sauri, ko su ce ai haka matan Awlad Na'il suke tun fil'azal. Ba haka ba ne. Bu-Sa'ada gari ne da sojin Faransa suka ci a 1849, suka kafa bariki a cikinsa, hukumar mallaka kuma ita ke tsara unguwar da ake kai wa soji da ƴan yawon buɗe ido waɗannan mata. Talaucin da ya jefa yarinya cikin wannan unguwa yana da tarihi, yana da masu laifi. Dinet ya zana jikin, ya bar tarihin a waje.

Wannan shi ne babban aibin aikinsa, ya ma fi tsiraicin nauyi. Mutum ya shekara fiye da 40 yana kai da komo a ƙasar da aka ƙwace wa mutanenta gonaki, aka ɗora musu dokar «indigénat» tun 1881, dokar da tsofaffin Nijar ma suka ɗanɗana har 1946, amma Aljeriyar da ya yi suna da ita babu kumandan, babu mai karɓar lanho. Ƙasa ce ta hasken rana da soyayya da salla, wadda agogo ya tsaya mata cak. Wanda ya dubi shahararren zanensa na 1900, saurayi da budurwa suna raha, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Orsay, ba zai taɓa zaton shekara 70 ke nan ƙasarsu tana hannun wasu ba. Irin wannan hoto bai taɓa hana mai mulkin mallaka barci ba.

Abin mamaki, bayan ƴancin kai na 1962 Aljeriya da kanta ta rungume shi. Aka buga zanensa a kan tambur, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a Bu-Sa'ada a 1993. Masanin nan François Pouillon ya bi diddigin wannan juyi a littafinsa na 1997, inda ya nuna yadda aka tace mutumin, aka fito da alhaji gaba, aka tura masu wanka baya. Ana iya fahimtar dalili: al'ummar da yaƙi ya ɗaiɗaita tana ƙishirwar ganin fuskokin kakanninta, shi kuwa ya iya fuska, ya iya tufa, ya iya hasken hamada fiye da yawancin tsararsa. Sai dai ƙishirwa ba ta mai da gurɓataccen ruwa garau. Ba kuma ana nufin a bi sawun ƴan bindigar da suka cinna wa gidan tarihin wuta a 1995 ba. Wanda ya ƙone hoto ya ƙone shaida. Abin da ake nema shi ne a nuna wa ɗalibi zanen duka, masallata da masu wanka, a gaya masa wanda ya biya kuɗin.

An yi wa Dinet salla a masallacin Paris, aka kai gawarsa Bu-Sa'ada aka rufe a watan Janairu na 1930. Cikin manyan da suka halarci jana'izar har da gwamnan mulkin mallaka, Pierre Bordes, wanda a wannan shekarar ce ya jagoranci bukin cika shekara 100 da Faransa ta kama Aljeriya.